Daga Man Kaɗe zuwa Basilin: Tarihin Man Shafawar Yara a Ƙasar Shanono

Da zarar an kai dawa rumbu a ƙasar Shanono, iskar hunturu ta fara busowa daga arewa maso gabas, a fatar yara ake fara ganin alama. Diddige ya yi faso, leɓe ya tsage, ƙwauri ya yi furu-furu. Ga mafi yawan yara abin ba ya wuce kaushi, a shafa mai kwana biyu ya tafi. Amma akwai yaron da nasa ya zarce haka: kumatu su yi ɓawo, lanƙwasar hannu da bayan gwiwa su yi baƙi su yi kauri, ya kwana yana susa har ya ji wa kansa ciwo, uwar ma ba ta runtsa ba. Wannan shi ne kirci, wanda ake kira ekzima a asibiti. Shawarar da uwa take sha a yau, daga maƙwabta da rediyo da waya, kusan ɗaya ce: “Ke dai ki rabu da mayukan kanti, ki koma na gargajiya.” Shawara ce ta kyakkyawar niyya, sai dai ta ɗauka cewa akwai wani mai guda da kakanni suka riƙe tun fil azal, kuma duk abin da ya fito daga bishiya ko gona lafiya ne ga fatar da ta tsage. Tarihin yankin bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin biyun ba. Man da ke cikin ƙoƙon uwargida ya sauya aƙalla sau uku a cikin shekara 150, kuma kowane sauyi hanya da kasuwa ne suka kawo shi. Abin da ya daɗe bai sauya ba, wanda kuma a ganina shi ya cancanci riƙo, shi ne al’adar kanta: a shafa wa yaro mai guda ɗaya, mai kauri, wanda ba a gauraya da komai ba, kullum, jikinsa da sauran damshin wanka.

A fara da gona. A farkon shekarar 1851 Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya taso daga Katsina ya biyo ta Kusada da Bichi ya shiga Kano, wato ya ratsa ta gefen wannan yanki. Ya yaba yadda gonaki suka haɗe da juna, ga manyan itatuwa tsaitsaye a cikinsu. Waɗannan itatuwa zaɓaɓɓu ne: manomi ya sare wanda ba ya so, ya bar wanda ke ciyar da gida, ɗorawa don daddawa, kuka don miya, tsamiya don kunu, gawo don taki da abincin dabbobi, sai kaɗanya inda Allah ya sa ta fito. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami’ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan tsari na karkarar Kano, inda jama’a suka yi yawa amma itatuwa ba su ƙare ba. To amma kaɗanya ta fi son ƙasar da ruwan sama ya wadata. Tana da yawa a kudancin Kano da ƙasar Zazzau da ta Gwari da Nufe da Borgu, idan aka nufo arewa sai ta yi ta raguwa, ɗaya nan ɗaya can. Ke nan ga gida a Faruruwa ko Tsaure ko Kokiya, man kaɗe bai taɓa zama abin da ake ɗiba kyauta a bayan ɗaki ba. Kaso mai yawa nasa kayan fatauci ne da ya zo a bayan jaki, kamar yadda goro ya zo daga Gwanja, kanwa ta zo daga Barno. Man da ya fi kusa shi ne man shanu, daga matan Fulanin da ke kawo nono gari. Tun a wancan zamani akwai gidan da ke shafa mai tsada da gidan da ke shafa abin da ya samu.

Cewa man kaɗe tsohon mai ne, wannan babu gardama. Masu tonon tarihi a Kirikongo, a yammacin Burkina Faso, sun sami ɓawon ƙwallon kaɗanya a kufan gidaje tun daga wajen shekara ta 100 miladiyya. Ibn Battuta, da ya ziyarci Mali a 1352 zuwa 1353, ya ga ana daka ƙwarar wata bishiya a fitar da mai, a yi girki da shi, a kunna fitila, a shafa a jiki, har a cuɗa shi da ƙasa a shafe gidaje. Mungo Park ya tarar da shi a ƙasar Bambara a 1796, ya kuma lura cewa yana shekara bai lalace ba ko da ba a sa masa gishiri ba. Yadda ake yin sa bai canja sosai ba har yau, kuma aikin mata ne daga farko har ƙarshe. Da farkon damina su tsinto ’ya’yan da suka faɗo, a ci naman, a dafa ƙwallon a shanya, a fasa a fitar da ƙwara, a daka, a soya, a niƙa a dutse, sannan a yi ta cuɗawa da ruwa har man ya taso sama, a kwashe a tafasa a tace a zuba a ƙwarya ya daskare. Abin lura a nan shi ne cewa ba don fata kawai ake wannan wahala ba. Man da aka soya ƙosai da shi, shi ake zuba wa fitila, shi ake shafa wa jariri. Wannan ne ya tsare shi daga algus: abin da za a ci ba a zuba masa turare, kuma mai saye ta san hannun da ya yi shi, ko aƙalla ta san ɗan kolin da ya kawo.

Wurin da man yake shiga rayuwar yaro shi ne ɗakin jego. Ungozoma ko kaka ta yi wa jariri wanka da ruwan ɗumi safe da yamma, ta gasa masa cibiya, ta ɗora shi a cinya ta murje shi da mai tun daga wuya har tafin ƙafa kafin jikin ya bushe. Bayan arba’in uwa ta ci gaba, musamman da hunturu. Ba wanda ya kira wannan magani, shi ya sa ba a jira sai ƙuraje sun fito. Ilimin likitanci ya daɗe kafin ya bayyana dalilin da ya sa hakan ke aiki. Saman fata kamar katangar ƙasa yake: ga tubali, ga yaɓen da ya riƙe su, kuma yaɓen nan maiƙo ne. Yaro mai kirci yaɓensa bai da ƙwari, don haka ruwan jiki na fita da sauri, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta kuma na samun kafar shiga, sai fata ta harzuƙa, ƙaiƙayi ya taso, susa ta ƙara rushe abin da ya rage. A 2006 Irwin McLean da abokan aikinsa a Jami’ar Dundee ta Sikotilan suka gano cewa tawaya a wani furotin na fata mai suna filagirin na cikin manyan dalilan haka. Irin tawayar gadon da suka samu ba a cika ganinta a ’yan Afirka ba, amma raunin katangar yana nan, kuma cutar ba ta Turawa kaɗai ba ce: a wani gagarumin bincike na ƙasashe da dama da aka wallafa a 1999, Najeriya ce ta zo kan gaba a tsakanin ’yan shekara 13 zuwa 14, da sama da kashi 17 cikin 100. A wuri irin Shanono, inda damshin iska yake sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana a watan Janairu, toshe wannan kafa da maiƙo shi ne rabin aikin.

Sauyi na farko mai girma jirgin ƙasa ne ya kawo shi. Gyaɗa ba ’yar asalin ƙasar nan ba ce, daga Kudancin Amurka ta fito, Turawan Fotugal suka tsallako da ita, ta kuma daɗe tana zaune a gefen gona a matsayin abin marmari da miya. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Turawan Ingila auduga suka sa rai da ita don masaƙun Lankasha, manoman Kano kuwa suka yi lissafinsu suka zaɓi gyaɗa. Abin da Najeriya ta fitar ya tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913, daga nan aka kama hanyar dalar gyaɗa da zamanin su Alhassan Ɗantata. Ƙasar jigawa mai rairayi ta arewacin Kano da Katsina ita ce zuciyar wannan noma. A cikin gidaje kuma mata suka mayar da matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli babbar sana’a, irin cinikin bayan katanga da Polly Hill ta bayyana a bincikenta na Batagarawa. Man gyaɗa ya zama mai arha, yana nan kullum, ba sai an jira fatake ba. Ya shiga miya, ya shiga fitila, ya shiga tafin hannun mai jego. Saboda haka idan tsohuwa a yau ta ce da man gyaɗa aka raine ta, gaskiya ta faɗa. Amma gargajiyar da take magana a kai kasuwar duniya ce ta yaɗa ta, kuma ba ta girmi dogo da yawa ba. Fari na 1972 zuwa 1974 da annobar cutar gyaɗa ta 1975 sun rushe dalar, man kuwa ya riga ya zauna a gida.

Sauyi na biyu ta kanti ya shigo. Robert Chesebrough ya ga wani maiƙo yana taruwa a jikin injinan haƙar man fetur a Titusville ta Amurka a 1859, ya ga ma’aikata suna shafa shi a ƙuna, ya tace shi, ya yi masa rajista da sunan Vaseline a 1872. Kamfanoni irin su John Holt da UAC, wanda aka kafa a 1929, da kantunan Kwari suka cika Kano da kayan gwangwani da na kwalba, basilin ya bi ’yan koli ya shiga kasuwannin ƙauye, ya kuma shiga kayan lefe da kayan barka. Tare da shi aka sami wani baƙon da ba a cika sa shi a lissafi ba, wato sabulun kamfani. Lever ya kafa masana’anta a Apapa a shekarun 1920, PZ ma ya mallaki tasa a Aba, daga baya garin wanki ya zo. Yaron da a da ake wanke shi da ruwa da ɗan sabulun salo jefi-jefi, yanzu ana dirje shi da soso da sabulu mai kumfa da ƙamshi sau biyu a rana, a sa masa rigar da ba a ɗauraye garin wanki daga jikinta sosai ba. Sabulu aikinsa cire maiƙo, bai kuma san bambancin maiƙon datti da na fata ba. Sabulun salo ma, da yake da toka ake yin sa, yana busar da fata idan aka yawaita. Duk wanda ke neman dalilin da ya sa kirci ke tashi, ya leƙa bayan gida kafin ya leƙa ƙoƙon mai.

Sauyi na uku muna cikinsa, kuma shi ne ya karya al’adar da sauran biyun suka bari. Shi ne zamanin haɗi. Uwa ta je kemis da yaro, a ba ta ɗan bututun mai wanda a cikinsa akwai magunguna uku, ɗaya daga ciki sitiroyid mai ƙarfi, a ce ta matse shi cikin man kaɗe ko basilin ta riƙa shafa masa kullum. Cikin kwana uku ƙaiƙayi ya kwanta, fata ta yi haske, kowa ya yaba. Da an daina abin ya dawo da ƙarfi, a ci gaba, fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, makero ya sami wurin yaɗuwa. Kirci a baƙar fata yana barin tabo mai duhu bayan ya lafa, kuma wannan tabo ne ke jan wasu iyaye zuwa ga masu haɗa man bilicin, waɗanda da yawansu da sunan kayan gargajiya suke talla: man kaɗe, zuma, kurkum, lemon tsami, sai abin da ba a rubuta a jikin roba ba. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, tana nuni da zaiba da haidirokwinon da sitiroyid da ake samu a irin waɗannan mayuka. Kalmar gargajiya a jikin kwalba ba ta gaya wa uwa komai game da abin da ke ciki.

Ko da an cire algus, mayukan da suka fito daga tsirrai ba ɗaya suke ba, kuma an gwada. A Jami’ar Sheffield ta Ingila, a binciken da aka wallafa a 2013, mutum 19 sun riƙa ɗiga man zaitun a hannu na tsawon makonni, wasu daga cikinsu kuma suka riƙa ɗiga man sanfulawa a ɗaya hannun. Man zaitun ya raunana katangar fata har ya jawo ɗan ja, na sanfulawa bai yi haka ba. Bambancin yana cikin irin maiƙon: zaitun ya cika da sinadarin oleyik, wanda ke sassauta yaɓen fata, sanfulawa kuwa linoleyik ya fi yawa a cikinsa, wanda fata ke gini da shi. A Dhaka ta Bangladash, gwajin da mujallar Lancet ta buga a 2005 ya nuna cewa shafa wa bakwaini man sanfulawa ya rage musu kamuwa da cuta a asibiti, alhali man mastad da iyaye mata a can suka gada kaka da kakanni gwaji ya nuna yana jinkirta gyaruwar fata. A Filifin, a 2014, man kwakwa tsantsa ya fi man ma’adini sauƙaƙa wa yara masu kirci. Na san maganar zaitun za ta yi wa wasu nauyi, domin bishiya ce da Alƙur’ani ya ambata da albarka, kuma kantunan magungunan Musulunci sun sa manta kusa da hannun kowa. Albarkar abu ba ta hana a san muhallinsa. Zuma ma waraka ce, amma likitoci sun hana ba wa jaririn da bai shekara ba saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya da ita ba tukuna, kuma ba wanda ya ce wannan raina zuma ne. A ci zaitun, babba mai lafiyar fata ya shafa, a nisantar da shi daga kumatun jaririn da suka tsage.

Man gyaɗa ne ya fi wuyar sha’ani, don shi ne na gida. A 2003 Gideon Lack da abokansa suka duba yara kusan 14,000 a yankin Bristol na Ingila, suka tarar cewa waɗanda jikinsu ke bori idan sun ci gyaɗa, mafi yawansu an shafa musu mayuka masu man gyaɗa suna jarirai, kuma ƙuraje masu ruwa sun ƙara haɗarin. Fassarar da aka yi ita ce, idan jiki ya fara haɗuwa da gyaɗa ta tsagar fata sai ya ɗauke ta maƙiyiya, idan kuwa ta baki ya fara saninta sai ya saba da ita. Mai gardama zai ce, to mu da muka tashi cikin gyaɗa tsamo-tsamo, ina borin? Tambaya ce mai ƙarfi, domin lallai borin gyaɗa mai tsanani ba a cika jin labarinsa a Afirka ta Yamma ba. Wani ɓangare na amsar yana cikin kunun gyaɗa: yaran nan suna shan sa tun kafin yaye, kuma wani gwajin da Lack ɗin ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa ba wa jarirai masu kirci gyaɗa da wuri ya rage borin da kusan kashi 80 cikin 100. Wato al’adar ciyarwa ta tare ɓarnar da al’adar shafawa za ta iya yi. Amma jaririn wata biyu bai fara kunu ba, man da aka matsa a gida kuma yana ɗauke da furotin ɗin gyaɗa fiye da wanda aka tace a masana’anta. Binciken Bristol alaƙa ya nuna, bai yanke hukunci ba. Sai dai barin man gyaɗa a tukunyar miya bai ci wa uwa komai ba, tunda akwai madadi.

Man kaɗe fa? A nan ya kamata masoyansa su rage zuzutawa. Shi ma kusan rabinsa oleyik ne, sinadarin da aka zarga a zaitun. Abin da ya bambanta shi shi ne sauran rabin, sitiyarik, wanda ke sa shi daskarewa ya zauna a saman fata ya tare ruwa, da kuma wani kaso na sinadaran da ke kwantar da kumburi, wanda ya fi na yawancin mayuka yawa. Furotin ɗin da ke jawo bori kaɗan ne ƙwarai a cikinsa. Gwaje-gwajen da aka yi masa a kan yara masu kirci ƙanana ne, kuma abin takaici ne a ce Najeriya, ƙasar da ta fi kowace samar da ƙwarar kaɗanya, ba ta gudanar da babban gwaji a asibitocinta ba, tun daga na Malam Aminu Kano har na Hasiya Bayero, inda masu ciwon suke a layi. Duk da haka akwai hujjar da ke ba shi daraja ta wata fuska. A 2022 an gwada nau’o’in man shafawa huɗu a kan yara 550 a Ingila, daga mai ruwa-ruwa har mai kauri, ba a sami wanda ya fi wani ba. Wanda ya yi aiki shi ne wanda yaro ya jure, uwa kuma ta dage da shafawa. A wannan ma’auni man kaɗe tsantsa, sabo, wanda warinsa bai juya ba, yana da gurbi babba: uwa ta san shi, suruka ba za ta hana ba, yana narkewa a tafin hannu. A gwada a ɗan wuri kwana biyu, idan bai yi zafi ko ƙuraje ba a ci gaba, a riƙa ɗiba da cokali mai tsabta maimakon yatsa.

Masu ƙin basilin suna cewa daga man fetur ya fito kuma yana toshe fata. Asalinsa haka ne, amma tataccen basilin fari, marar turare marar launi, ba ya jawo bori sai nadiran, kuma yana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke fita ta fata. Idan sharaɗin kaka shi ne mai guda ɗaya, mai kauri, ba gauraye, to basilin ya fi kusa da ƙoƙonta fiye da robar haɗi mai hoton ganye. Inda suke da gaskiya shi ne bazara: a watan Afrilu da Mayu, mai kauri a jikin yaro mai gumi yana kawo ƙurajen zafi, sai a rage shi ko a bar shi zuwa dare. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba, wanda ya shafi basilin da man kaɗe baki ɗaya. Rigar da ta sha mai tana kama wuta da sauri, hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka a 2018, kuma lokacin da ake lafta wa yara mai shi ne lokacin da suke kewaye murhu suna jin ɗumi.

Gardama ta ƙarshe ita ce ta masu cewa da tsohuwar zuma ake magani, mai kaɗai ya isa, asibiti ɓata fata yake. Ɗakin jegon da ya ba mu al’adar shafa mai shi ne kuma ya ba mu wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa, waɗanda likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta da ciwon zuciyar masu jego a shekarun 1970. Gado ɗaya ne, wani sashe ya amfanar, wani ya cutar, kuma gwaji ne ya raba su. Mai yana rage tashin kirci yana kuma tsawaita lafawarsa, amma ba ya kashe wutar idan ta kama. A wannan hali abin da ke aiki shi ne sitiroyid mai sauƙi irin haidirokotizon, a wurin da ya tashi kawai, na ’yan kwanaki, bisa umarnin ma’aikacin lafiya, kuma tsakanin wannan da cuɗa mai ƙarfi cikin man kullum akwai nisa. Mai ba rigakafi ba ne ma ga jaririn da bai da ciwon: gwajin jarirai kusan 1,400 a Ingila, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna shafawa kullum tun daga haihuwa ba ta hana kirci fitowa ba. Sannan ba kowane ƙaiƙayi ba ne kirci. Idan gida duka na susa da dare, har da tsakanin yatsu, ƙazuwa ce. Idan zagaye ne mai baki-baki a kai ko jiki, makero ne. Idan wurin na ruwa, ya yi ɓawo rawaya, ko zazzaɓi ya biyo, ƙwayar cuta ta shiga. Babu ɗaya daga cikin ukun da ƙoƙon mai zai warkar.

Kasuwa dai ba ta gama da man kaɗe ba. A shekara ta 2000 Tarayyar Turai ta amince a sa har kashi 5 cikin 100 na wasu mayukan tsirrai a cikin cakulan a madadin man koko, man kaɗe na cikinsu, kuma yanzu mafi yawan ƙwarar da ke barin Afirka ta Yamma masana’antun abinci take tafiya, kamfanonin kayan kwalliya su ɗauki saura. Uwa a Shanono tana takarar saye da waɗannan. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida, farashinta ya faɗi nan take, matan Neja da Kwara masu tsinta suka fara jin jiki. Ko hakan zai sa curin mai ya yi sauƙi a kasuwar ƙauye ya dogara da wanda masana’antun za su sayar wa. A ɗaya gefen kuma masu gawayi sun san itacen kaɗanya na cikin waɗanda suka fi ba da gawayi mai kyau, alhali bishiyar tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara ’ya’ya.